Inna ta jawo tabarma

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ya jikinki, ya maigida da yara, ya zaman Abijan? Nan Gazawa lafiya lau.

Albishirinki. Kin san Inna ta dage sai an fitar da tele daga gidan nan. Jiya muna kallon fim ɗin Koriya da kika aiko, ta taso za ta kashe, sai ta ga amarya ta durƙusa tana miƙa wa surukarta shayi da hannu biyu. Ta ce, "Ashe suna da kunya. 'Yar wane gida ce?" Ta jawo tabarma.

Yanzu maza na zancen zaɓe, ita tana jiran faifai na biyu. Don Allah ki aiko.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Inna ta ce har da amaryar.

Ƙanwarki, Rabi