Shuɗin Buzu

Bompai, Litinin

Zuwa ga Yaya Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Zuwaira da yara. Tunda wayarka ta ga dama ta yi wanka a ramin jiƙa fata, ga ni na koma takarda kamar 'yar firamare. Mustapha direba zai miƙa maka in ya kawo wa manyanku abincin rana.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san dabbar nan ta Maigida, wadda ka ce tunku ce aka ja ta ta yi tsawo. Shi faret yake ce mata, ni kuwa 'Yar Gata, don esin ɗakinta ba ya mutuwa, ni mai girka abincin gidan kuwa fankata sai ta ga dama. Ranar da zai tafi ƙasarsu hutun sati uku ya ɗora mini ita a hannu, ya ce da karyayyiyar Hausarsa, "Sauda, wannan yaro na ne." Matarsa da ta rasu ce ta bar masa ita, ba shi da kowa a gidan nan sai ita.

To, tun Asabar take tari. Ba irin tarin mutane ba, sai ta miƙe wuya ta yi ta kakari, tana kai hannu baki kamar mai son ciro wani abu, kuma ba abin da ke fitowa. Na ce sanyin esi ne ya kama ta, na rage shi. Shuɗin buzun nan da ka kawo mini daga kamfani in riƙa zama a kai, shi na shimfiɗa mata tun kwana goma da suka wuce, kuma ta so shi ƙwarai, a cikinsa take wuni tana birgima.

Ka tambayar mini mutanen wajenku me ake ba dabba mai tari. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Sauda

Challawa, Litinin

Sauda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Na tambayi wani mai kiwo a sashenmu, ya ce ki lasa mata zuma, ki lulluɓe ta sosai.

Amma maganar buzu ba ta yi mini daɗi ba. Ke na ba wa, ban ce ki kai shi cikin gidan ba. Gutsuren da aka yanke aka jefar ne, shara za a kai shi, amma dokar kamfani ba ruwanta da wannan: duk abin da ya fita ƙofa babu takarda sata ne. A cikin riga na fito da shi. Kafin Maigida ya dawo ki ɗauke shi, ki sa a ƙasan akwatinki.

Allah ya ba ta lafiya.

Yayanki,
Lawan

Bompai, Laraba

Yaya Lawan,

Salama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Zuma ba ta yi komai ba. Jiya ko kallon namanta ba ta yi ba, ita da take bin ƙafata har kicin tana satar mini cokali. Kashinta ya koma siriri kamar zare, yau ma babu shi. Na kai ta wajen Dokta Muhyiddeen, likitan dabbobin da Maigida ya bar mini lambarsa. Ya latsa cikinta, ya ce ba mura ba ce. Ya ce irin dabbar nan tana lasar jikinta ta haɗiye gashi, kuma ba ta iya amayar da shi kamar kyanwa, sai ya dunƙule ya toshe hanji. Tarin nan ƙoƙarin fito da shi take yi. Ya kuma yi mini faɗa kan esin da na rage, wai zafi ma kashe su yake. An ɗauki hoton cikinta, bai nuna abin sosai ba.

Sai ya tambaye ni, "Akwai wani abu da ta tauna, tsumma ko roba ko soso?" Na ce babu. Wallahi a lokacin ban sani ba. Ya ce in gashinta ne kaɗai, za a gwada wani mai da ake matsa mata a baki, ko zai zame ya fita. In kuwa wani abu ne daban, jira ganganci ne, tiyata za a yi nan take, kuma sai ya bugo wa Maigida ya gaya masa abin da ta ci kafin ya yarda a yanka ta.

Da na dawo na ɗaga buzun in kakkaɓe. Yaya, gefe guda kamar faɗin tafin hannuna babu gashi ko ɗaya, ta cinye shi har fata. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Na roƙe ka ka ba ni izini in nuna wa likita. Ba zan yi ba sai ka ce.

Sauda

Challawa, Laraba

Sauda,

Na ga takardarki. A'a.

Kin san wa ke haɗa rini a kamfanin nan? Maigidan da kike wa aiki. Shuɗin nan da hannunsa ya haɗa shi don wasu masu saye na ƙasar waje, fata arba'in kawai aka rina. Ko daga nesa ya hango shi ya san daga ina ya fito, kuma kowa ya san wanda ya kawo ki aiki gidan.

Shekarata goma sha huɗu ina tsaye cikin ruwan jima, faratan hannuna duk sun mutu. A bara an kori mutum kan igiya. Kuma wanda aka kora da sunan sata, daga Challawa har Sharada babu kamfanin da zai buɗe masa ƙofa, sunansa yana riga shi isa. Zuwaira na da cikin wata takwas. Yara huɗu. Ki gaya mini me zan ce musu.

Dabba ce, Sauda. Ki ba ta man da aka ce, ki bar wa Allah. Buzun kuma ki ƙona shi yau.

Lawan

Bompai, Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da kana fushi da ni.

Ban ƙona ba. Na kai shi bayan kicin, na zuba kananzir, ashana na hannuna, na kasa.

Na ba ta man sau huɗu. Na farko ta lasa, sauran ta kawar da kai. Yanzu ba ta tari ma, ƙarfin yin sa ya ƙare, sai cizon haƙora da yawu. In na ɗaga ta sai ta langaɓe kamar jiƙaƙƙiyar safa. Ɗazu ta ja jiki ta zo ta ɗora kai a kan ƙafata, ni da na shimfiɗa mata abin da ke kashe ta.

Na yi tunanin in ce a kasuwar Kurmi na saya, sai na tuna ka ce fata arba'in ce kawai a duniya. Na yi tunanin in ce ni na ɗauka, to yaushe na taɓa taka Challawa? Dokta ya bugo da safe, ya sake tambayata ko na tuna wani abu. Wannan karon da sanina na ce masa babu. Ya ce to a ba man nan zuwa Asabar. Yaya, ba za ta kai Asabar ba, ido gare ni.

Ka ce dabba ce. Na sani. Ni ma da aka kawo ni gidan nan ƙyamarta nake ji, wari gare ta kamar bunsuru. Amma amana ce aka ɗora mini a hannu, kuma mai rai ce, kuma na san abin da zai cece ta na yi shiru. Ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Ina kuma tsoron in kalli Anti Zuwaira in san ni na cire abinci daga bakin 'ya'yanta. Kai ka riƙe ni tun rasuwar Baba, ban manta ba, kuma ba zan ambaci sunanka ba tare da yardarka ba. In ka sake cewa a'a, zan kyasta ashanar, in zauna da ita har ta cika, in haƙa mata rami a gindin mangwaro. Amma ka faɗa mini da hannunka, don ni kaɗai ba zan iya ɗauka ba.

Mustapha zai jira amsa.

Ƙanwarka,
Sauda

Challawa, Alhamis

Sauda,

Ki ɗauki buzun da dabbar ki tafi wajen likita yanzu, kada ki jira gobe. In ya bugo wa Maigida, ki faɗi sunana. Ba sabon labari ba ne, na riga na shiga ofis na faɗa da bakina.

Ina rubuta wannan a bakin ƙofar kamfani, ta waje. Sun karɓi katina, sun ce in zauna a gida har Maigida ya dawo a ga abin da za a yi da ni.

Kada ki gaya wa Zuwaira sai ta sauka lafiya. Zan ci gaba da fita da asuba kamar kullum.

In an yi aikin, ki zo gidana a Zawaciki ranar Lahadi ki raɗa mini ko ta tashi. Kada ki ba Mustapha amsa, ba zai same ni a nan ba.

Allah ya ba ta lafiya.

Yayanki,
Lawan