Ƙasar da Mirela Ta Zaro

Zuwa ga Malam Ilir Dano, mahaifin Mirela,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ne Tijmen Hoekstra, jagoran ƙungiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwaikwayo a makarantarmu ta ƙasa da ƙasa, nan Den Haag. Labari ya iso mini cewa kun haramta wa Mirela halartar atisaye, domin ƙasar da za ta wakilta a babban taron muhawara ita ce wadda kuka baro.

Ku ba ni dama in fayyace muku falsafar lamarin. Ana zuba sunayen ƙasashe cikin tsohuwar hular ƙungiya, kowane ɗalibi ya zaro, kuma abin da ya zaro shi zai kare. Babu musaya, babu ɗaukaka ƙara. A digirin diflomasiyya da na kammala bana, wannan shi muke kira fifita mantiƙi a kan shauƙi. Mirela ce mafi fasaha a cikin wakilaina, ba zan lamunci a dakushe ta ba.

Naku cikin girmamawa,
Tijmen Hoekstra

*

Malam Tijmen,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka da ƙamus a gefena.

Yaro, ban baro ƙasar nan ba, gudowa na yi. Sun ɗaure ni, sun karya mini yatsu, shi ya sa kake ganin rubutuna a karkace. Kai kuma ka ɗauko hula kamar mai wasan rufa-ido, ka ce 'yata ta miƙe cikin kwat ta wanke su.

Jiya na ji ta tana faɗa wa madubi: "Gwamnatina na ƙaryata waɗannan zarge-zarge." Na san maganar nan. A kaina aka faɗe ta.

Ka sake mata ƙasa. Ba ta wata mai tumaki da tsaunuka. In ka ƙi, zan hau kekena in zo wurin shugabar makarantarku in kai ƙararka, kai da hularka.

Ka huta lafiya,
Ilir Dano

*

Malam Dano,

Gaisuwa, gwargwadon yadda ladabi ya wajabta.

Kun cika alkawari. Shugaba ta kira ni ofis, ta ce, "Zauna, farfesa. Kofi za ka sha kafin in wanke ka tas, ko bayan na gama?" Ta zarge ni da rashin imani a gaban sakatarenta. Tun da an tozarta ni bisa zalunci, wajibi ne haƙiƙa ta bayyana.

Hula ba ta ba Mirela ƙasarku ba. Wani tsibiri ta zaro, wanda babu mai rigima da shi. A bakin ma'ajiyar kekuna ta tare abokinta Wessel, ta musanya da shi. Na kama su. Na ce doka ta hana, ta ce, "Malam, ku bar ni. Babana bai taɓa faɗa mini abin da aka yi masa ba. Ko ta bakin maƙiyansa ne, sai na ji."

Na kau da kai saboda tausayi, na kuma yi mata alkawarin rufe bakina. Saboda haka, kafin ku tuhumi tarbiyyar da nake bayarwa, ku binciki shirun da kuka shimfiɗa a gidanku.

Wassalam,
Tijmen Hoekstra

*

Malam Hoekstra,

Ina gaishe ku.

Baba ya karanta takardarku a teburin karin kumallo. Ya daɗe yana shafa man shanu a kan burodi guda. Can ya ce, "'Yar banza, in za ki kare su, ki kare su daidai. Ba haka suke ƙarya ba, a hankali suke yi, suna murmushi. Jawo kujera." Na makara a makaranta. Yanzu na san yadda aka yi da yatsunsa.

Kada ku ɗauka godiya nake yi. Kun yi mini alkawari, kuka sayar da ni don a daina zagin ku.

Zan je taron. Baba zai zauna a sahun gaba. Ina sauka daga mumbari, ku cire sunana daga hularku.

Ku huta lafiya,
Mirela Dano