Gyambon da Kika Ɓoye Mini

Inna,

Assalamu alaiki, da fatan makwanci ya yi miki sanyi. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma, wasiƙar 'yar fari ai sai dai ki tura ta ƙarƙashin filo ki kau da kai.

Muna lafiya a nan ƙasar waje, a garin Takoma Park. Jikanki Sadiƙ har yanzu in an yi masa Hausa, da Turanci yake amsawa. Madam Lin, tsohuwar nan 'yar China mai maganin gargajiya a ƙasan benenmu, in mun haɗu a matakala sai ta riƙe hannuna.

Inna, me ya sa ita, ban da ni? Tunda ɓarin jikinki ya shanye na ɗauko ki daga Zariya, ba ki taɓa yarda na ga jikinki ba. In na kawo ruwa, sai ki nuna mini ƙofa, ki goge jikinki da hannun da ya rage. Ni nas ce fa, kullum juya iyayen wasu nake yi a asibiti don kada kwanciya ta ci musu fata. Amma a gida ni 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba kya faɗa. Kika yi kunya, ni ma na taya ki.

Sai da Madam Lin ta zo yi miki irin alluransu na China na shanyewar jiki ta ga gyambon a ƙugunki. Ita baƙuwa ce, babu kunya tsakaninku. Ta shafa miki jan man nan na riɗi da kakin zuma, ta turara wurin da wani ganye mai ƙanshin tazargade, har kika yi murmushi don ya tuna miki gida. Bakin gyambon ya fara bushewa, amma ita da kanta ta ce mu tafi asibiti, ya riga ya yi zurfi. Ashe har ya shiga jini.

Ina jin haushinki, Inna, kuma ina son ki. Duka biyun ban taɓa faɗa miki ba.

Ni na yi miki wankan gawa. Ranar na juya ki a hankali, yadda na iya, ba ki nuna mini ƙofa ba.

Allah ya jiƙan ki, ya sada mu a inda za ki kira sunana.

Taki,
Hadiza, wadda kike ce wa "ke"