Hannun Rigar Inna

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yaran baki ɗaya. Yaya aiki, yaya haƙuri da nisan gida? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya raya mana zuri'a, Ya yaye miki ciwon bayan nan da ke damunki. Mu nan da sauƙi. Baban yara ya koma tuƙinsa tunda an gyara motar. Autanmu yana nan yana cika mana gida da surutu, yanzu wai aure zai yi, alhali ko aski sai na tuna masa. Ita kuma 'yata ta fari, Takwarar Inna, ta gama makarantar ungozoma, an yaye su lafiya. Na san kin ga hotunan, na kuma san kin lura da wadda babu a ciki, tunda kin tambaye ni a waya na ce miki mura ce. Ba mura ba ce, Yaya. Inna tana kusa da ni ne a lokacin, shi ya sa na zaɓi in zauna in rubuto miki.

Kin sani tun da aka yi wa Inna aikin nan aka cire mata nonon hagu, ba ta ƙara komawa Innar da kika bari ba. Wurin ya warke, likita ya ce an dace, sai dai hannun hagun ya riƙa kumburi, yau ya ɗan sace, gobe ya cika tam har ba ta iya lanƙwasa shi. Matar da a da ba ta iya wuni ba ta leƙa maƙwabta ba, ta koma zaman ɗaki, lulluɓe da ƙaton mayafi ko ana zafi, kafaɗa a sunkuye kamar wadda ta yi laifi. Madubin ɗakinta ma sawa ta yi Auta ya juya shi ya kalli bango. Asibiti kaɗai take fita, shi ma sai da lallashi.

To ranar da Takwara ta kawo katin gayyatar bikin yayen, sai muka ji Inna ta ce za ta. Ta ce ba za a miƙa wa ƙawarta takardar shaida ba tana kwance a ɗaki, kuma ba za ta je cikin tsummokaranta ba, sabuwar riga take so. Wallahi Yaya na rasa inda zan sa kaina don murna. Na ɗauki kuɗin da kika aiko mata muka tafi babban shagon nan na ɗinkakkun kaya da ke bakin titi, mai gilashi tun daga sama har ƙasa. Ta daɗe tana shafa riguna tana wucewa, can ta tsaya kan wata doguwa shuɗiya mai duhu. An yi mata tattara tun daga kafaɗa ta zubo gaba, yadda babu mai iya gane abin da ke ƙarƙashi, ga hannu mai faɗi kamar don ita aka yi. Ta fito daga ɗakin gwaji mayafinta a hannu, ta juya, ta yi dariya har da cewa ashe da sauranta. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti.

Aibin rigar ɗaya, ta yi mata tsawo. Kin san Inna ba tsayi, gindin rigar yana sharar ƙasa, hannun kuma ya rufe yatsu. Yarinyar da ke sayar da kayan ta ce wannan ba komai ba ne, suna da tela a ciki, abin da za mu ƙara kaɗan ne. Ta durƙusa ta kafa allurai a ƙasan rigar da bakin hannu. Na faɗa mata na kuma maimaita cewa tsawo kawai za a rage, kada a taɓa faɗi. Na so in gaya mata dalili, Inna ta yi min wani kallo na yi shiru. A rasit ɗin da suka ba ni kalma ɗaya aka rubuta, gyara, ni kuma ban ga abin tsayawa a kai ba.

Ana saura 'yan kwanaki a yi yayen na je na karɓo ta a goge, a ninke cikin leda. Shagon cike yake da mutane, ban warware ta ba. Da na iso gida Inna ta yi wanka, ta sa aka juyo madubin, ta kira Takwara, ta aika aka kira maƙwabciyarmu matar mai gyaran famfo, wai su zo su ga amarya. Ta zura hannun dama ya shige, ta zura na hagu ya tsaya cak a gwiwar hannu. Muka ja rigar ta sauko da ƙyar, a nan muka ga ɓarnar da aka yi. An tsuke hannun, an ci gefe da gefe, tattarar nan kuma an danne ta da ɗinki ta kwanta. Rigar ta manne mata a ƙirji, gefe ɗaya a cike, gefe ɗaya wayam, a gaban madubi, a gaban jikarta da baƙuwa. Hannun ya ƙi shiga ya ƙi fita, yatsunta suka fara yin baƙi tana cije leɓe. Na rarumo reza na farke ɗinkin tun daga hammata har ƙasa kafin hannun ya fito. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a miƙo mata mayafinta, maƙwabciyar ta sulale ba ko sallama.

Washegari na koma shagon da rigar. Aka haɗa ni da manaja, wani mai sanyin murya da ba ya kallon mutum a ido. Ya nuna min wata takarda da aka manna a bango cewa kayan da almakashi ya taɓa ba a mayarwa, sannan ya ɗaga hannun rigar ya ce ai wannan farkewar ba aikinsu ba ce. Na ba shi labari tun daga farko. Ya kira yarinyar, ta ce ita ba ta tuna ba, masu saye suna da yawa. Ya duba rasit ya ce babu inda aka rubuta tsawo kawai. Sai ya ce da ni, "Ki kawo mai rigar ta saka a gabanmu, mu ga inda ta matse ta." Yaya, a nan na yi abin da har yanzu yake ci min rai. Abin da Inna ta ɓoye wa ƙannenta na ciki ɗaya, na tsaya a tsakiyar shago na zayyana shi mutane suna ji. Ya ce ayya, Allah Ya ƙara sauƙi, amma da tun farko mun faɗa. Iyakar abin da zai iya, in ji shi, ya yi min rangwame in na sayi wata.

Da zan fita na bi wani lungu a bayan kantoci har na samu ɗakin ɗinkin, ɗan ƙuntatacce ba taga, kaya jibge har saman keke. Telar mace ce sa'armu. Ta ce ita ba ta taɓa ganin Inna ba, rigar aka ajiye mata aka ce ta wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, a rage, ita kuma ta rage ko'ina yadda ta saba. Ta juya cikin rigar ta nuna min, an yanke ragowar yadin, babu abin da za a saki, ƙyallayen kuma sun bi shara. Ta riƙe min hannu tana ba ni haƙuri, ta ce in shago ya biya ni, daga albashinta za a cire, kuma marayu take riƙo. Na shiga ɗakin da niyyar in ci mata mutunci, na fito na rasa wanda zan kama.

Baban yara ne ya ce in je ofishin da ke karɓar koken masu sayayya. Na wuni a kan benci ƙarƙashin fanka mai ƙara kafin layi ya zo kaina. Matar da ta saurare ni mai kirki ce. Ta ce a yadda suke duba irin wannan, shagon da ya karɓi kuɗin gyara shi ke da alhakin yin aikin yadda aka ce, kuma takardar bango ba ta wanke su in ɓarnar daga wajensu take. Ko su gyara, ko su canza, ko su mayar da kuɗi, ba kuma telar zan bi ba, shagon zan bi. Har na fara jin sanyi a raina, sai ta zo kan shaida. Ta tambaya ko na ɗauki hoto kafin in farke. Wa zai tsaya ɗaukar hoto uwarsa na murƙususu? Ta ce to sai dai wani tela na daban ya auna Inna ya auna rigar, a haɗa da takardar likita kan hannun.

Na zagaya na zagaya kafin in iya faɗa wa Inna. Ta saurare ni har na gama, idonta a ƙasa, sannan ta ce, "Ki rabu da bayin Allah. Rigarsu ba ta da laifi, ta mutane ce cikakku. Ni ce na manta." Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce kuskuren almakashi ne kawai. Ta juya min baya.

Ranar yayen da kanta ta gyara wa Takwara wuyan riga, ta sa mata albarka, ta koma ɗaki ta tura ƙofa. Muka tafi ba ita. Da aka kira sunan yarinyar ta hau ta karɓa, sai waiwaye take tana duban kujerar da ke kusa da ni. Zaman sulhun da ofishin koken ya shirya mana da shagon kuwa, ni kaɗai na je. Manajan ya zo da daɗin bakinsa, aka ce laifi ya rabu biyu tunda ni ma na sa reza, kuma mai rigar ba ta zo ba. Kuɗin gyaran kaɗai suka mayar. Na sa hannu don na gaji. Matar ofishin ta rako ni har ƙofa tana ba ni shawara, wai nan gaba in sa a rubuta abin da za a gyara dalla-dalla, kuma a gwada kaya a shago kafin a fita da su. Gaskiya ta faɗa, sai dai ban ga wani nan gaba ba. Da na sake bi ta shagon na leƙa ɗakin ɗinkin, wani namiji na hango a kan keken, ban kuma samu ƙarfin halin tambayar inda matar take ba.

Yaya, ba don riga na rubuto miki ba. Ranar komawarta asibiti ta zo ta wuce, ta ƙi zuwa. An sake ba mu wata rana, ita ma ta ƙi. Ta ce ta gaji da tuɓe wa mutane jikinta. Hannun ya fi da kumburi, ba ta bari in shafa mata magani, ko wanka sai ta tabbatar ba kowa a tsakar gida. Abinci sai ta tsakura ta ture. Na kawo Kawu ya yi mata magana, ta ce to, bayan ya tafi ta ja mayafi ta kwanta. Takwara da ta karanci aikin asibiti ta yi iya yinta, Inna ta ce mata ta bari sai ta fara karɓar albashi sannan ta yi mata likitanci. Don Allah kada ki aiko kuɗin wata riga. Na riga na sayo yadi na kira telarmu ta da har gida, ta hana a auna ta. Dabarata ta ƙare, kuma tsoro nake ji, don likita ya ja mana kunne cewa irin wannan ciwo ba a sakaci da duba shi. Ke kaɗai take jin nauyi a cikinmu. Na san halin aikinki, na san tafiyar ba ƙarama ba ce, amma in da yadda za ki yi, ki zo. In kin kira kafin nan kada ki nuna mata kin sani, za ta gane ni ce, kuma ni kaɗai ta rage tana bari in shiga ɗakin.

Ki gaishe min da maigidan da kyau, ki ce ina masa ban gajiyar ɗawainiya. Ki gaida Babban Yaya da 'Yar Baba da ɗan autanki mai rigima, ki ce ina kewarsu. Baban yara yana gaishe ku, haka Kawu da iyalinsa. Auta ya ce in tuna miki da agogon da kika yi masa alkawari. Takwara tana godiya da addu'a. Kafin in rufe takardar nan na leƙa na tambayi Inna ko tana da saƙo. Ta ce in gaya miki tana nan lafiya ƙalau, kada ki tayar da hankalinki. To ga shi na gaya miki yadda ta ce.

Wassalam, taki har kullum,
Ƙanwarki mai bi miki.