Katin Intanet Ɗin Alhaji Sabo

Laraba da dare, Birnin Kudu

Na dawo daga Gwaram a gajiye. Babbar kwamfutar shagon Alhaji Sabo ta wahalar da ni. Da ka fara rubuta sunanka a baƙin allon shiga, sai saƙonnin katin intanet, wato na'urar da ke haɗa kwamfutar da intanet, su rufe wurin: ya haɗu, ya yanke, ya haɗu. Na hana su fitowa, allon ya yi fes.

Alhaji ya ce, "Madalla, Habu, ka gyara!"

Na ce, "Alhaji, katin mutuwa yake yi, bakinsa kawai na toshe."

Ya ce tunda allo ya yi kyau, shi ke nan.

Gobe ɗaliban garin Zandam za su zo shagon rajistar jarrabawa, kuma ranar ƙarshe ce. In ya yanke, ba wanda zai sani sai an makara.