Zanen Kogin da Mijina Ya Bari

Anti Raki, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Mijina, Dakta Ashafa, ya rasu bara a nan Manchester. GP ne, wato likitan unguwa, amma a Rasha ya karanci likitanci tun yana saurayi. Daga can ya zo da wani zane da ya saya hannun wani tsoho a bakin titi: kogi mai faɗi, sama cike da gajimare, can kan tudu ɗan ƙaramin coci na katako da kaburbura kewaye da shi. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Duk gidan da muka koma, shi yake fara ratayewa. In ya dawo aiki a gajiye, sai ya zauna ya yi ta kallonsa.

Kwanaki yayansa Alhaji Sa'id ya zo daga Birmingham, ya hango gicciyen da ke kan cocin, ya ce in cire zanen, kar ya zame wa mamaci nauyi. Tun ranar na lulluɓe shi da mayafi. Na kasa cirewa, na kasa kallo. Mutumin da bai taɓa wasa da sallah ba, me ya riƙe shi a hoton coci? Ko akwai abin da ya ɓoye mini?

Mai Kewa, Withington, Manchester

Ƴar'uwa, Allah ya jiƙan Dakta, ya ba ki dangana.

Ɗaga mayafin ki sake dubawa. Da kanki kika ce cocin ƙarami ne, sama ce ta cinye zanen. Gini ɗan mitsitsi, kaburbura, ruwa yana wucewa, ga sararin da ba shi da iyaka: mai zanen yana maganar mutuwa ne da ƙanƙantar ɗan Adam. Likitan da ya sha rufe idon marasa lafiya ba ya buƙatar mai fassara masa wannan. Ga kuma ƙuruciyarsa da ya baro a ƙasar. Kar ki bar zato ya rushe shaidar da idonki ya gani ta shekaru.

Alhaji Sa'id ma ba mugunta ta sa shi magana ba, tsoro yake ji wa ƙaninsa. Ni ba malama ba ce, hukuncin gicciyen ki kai wa malamin da kika yarda da shi. Kafin nan ki ɗauke zanen daga falo, ki mayar ɗakinki, nesa da inda kike fuskanta in za ki yi sallah. Duk lokacin da kika kalle shi, ki yi wa mijinki addu'a, wannan ce za ta isa gare shi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa ku a Aljanna.

Anti Raki