Takunkumi Uku a Dandamali

Litinin, 3 ga Maris, 1919
A shaida wa duniya: yau ni, Emil Zabel, mai zama a ramin dandamali yana raɗa wa 'yan wasa abin da suka manta, na yi wa marubucin da ya shekara tamanin a kabari gyara. A wasansa, aljanun ramuwa na Girkawa suna bin saurayin da ya kashe uwarsa, amma ba a nuna su. Iska kawai yake wa ihu. Na ce wa darakta, mutane su tako cikin ƙanƙara don kallon bango? A fito da aljanun.

Alhamis, 6 ga Maris
Babu yadi a gari. Frau Pohl, telarmu, ta samo takunkumin fuska uku na sojoji, irin na kariya daga iskar gas mai guba, ta liƙa musu gashin doki. Ita da ƙannenta biyu za su sa, su fito a aljanun.
Ottmar, mai fitowa a saurayin, watansa huɗu da dawowa daga yaƙi. Ya ce, "Herr Zabel, ku bar su inda marubucin ya bar su."
Na ce, "Igwar Faransa ba ta kore ka ba, sai tela?"
Aka yi dariya. Darakta ya ce wanda ba zai iya ba, ga ƙofa. Ottmar ba shi da wata sana'ar.

Talata, 11 ga Maris
Gwaji. Suka fito su uku. Na raɗa wa Ottmar layinsa har sau biyu. Sai ya zare takobin wasan. Ba kaifi, amma ƙarfe ne. Ya sari Frau Pohl a muƙamuƙi, ta faɗi, ya danne ta yana duka, gilashin idon takunkumin ya fashe a fuskarta. Yana cewa, "Ai na kashe ka. A ramin yaƙi na bar ka."
Maza huɗu suka ɓamɓare shi. Haƙorinta ɗaya a kan littafina ya faɗo.

Juma'a, 14 ga Maris
Idon Frau Pohl na hagu ya tafi.

Lahadi, 16 ga Maris
Na je asibitin mahaukata da gutsuren burodi. Sun ɗaure wa Ottmar hannuwa. Ɗaki fari, ba kowa, amma kusurwa yake kallo.
Na ce, "An ƙone takunkuman, Ottmar."
Ya ce, "Herr Zabel, su aljanun ai ba sa bukatar takunkumi."
Na dawo na goge gyaran da na yi a gefen shafi. Mamacin da ya rubuta wasan ya fi ni sani.